Gaisuwar da Na Ɗauko Daga Agadas

Ni dai tun shekarar da na je cin rani Agadas, in mutum ya ce mini "ka gaida mutan gida" sai na dube shi da kyau, in ga ko daga zuciya ta fito ko a leɓe ta tsaya. Kada ka ga laifina. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

Sunana Lawwali, walda nake yi a Jibiya. Wani maigida ne ya aiko yana neman masu haɗa ƙofofin ƙarfe a Agadas, ni kuwa kasuwa ta yi sanyi a gida, na ce bari in taɓa. Kayana ba su da yawa: jaka ɗaya, tabarma, buta, sai wani ɗan ƙaramin buhu na gero, tiya biyu, wanda ba nawa ba. Wannan ɗan buhun shi ya fi komai wahalar da ni a tafiyar nan.

Na Baba Idi ne. Duk wanda ya taɓa sauke hatsi a tashar bakin iyaka ya san Baba Idi mai ɗinkin buhu, yana nan gindin bedi da basillarsa da zarensa tun kafin a haife ni. Da basillar nan ya yi wa ɗansa Sabi'u karatu har ya zama malamin Turanci. Sabi'un nan shi ya koyar da mu a aji biyar, Ticha muke ce masa, kuma ba ya Turanci sai irin na tsofaffin littattafai, wanda ko 'yan boko sai sun tsaya sun yi tunani. Daga baya ya ƙetara Nijar, aka ce ya samu aikin tafinta wajen wasu Turawa a Agadas. Da farko yakan kira wayar maƙwabci duk Sallah. Daga nan lambar ta daina shiga. Shekara tara ke nan.

Da tsohon ya ji zan tafi, sai ya sa aka kira ni. Ya ce, "Lawwali, idon ga nawa tahiya yake. Likita ya ce ba irin wanda ake kankarewa ba ne. Ka ce ma Sabi'u ban son komi nashi, ko sisi. Ya taho in ga huskarshi tun ina iya gani." Ya miƙo mini buhun, ya ce geron gonarsu ta Farfaru ne, sabon yanka, a yi masa fura ya tuna gida. Yana ɗinke bakin buhun yana ba ni labari, wai Sabi'u tun yana ɗan shekara goma ya iya ɗinkin nan, sai dai shi bahago ne, daga hagu yake faro bakin buhu, kuma ba ya barin kunne sai ya yi masa ƙulli biyu. Na ce to, Baba. A raina ina cewa tsofaffi dai da surutu.

Cuta ta farko a Maraɗi na gamu da ita. Wani ɗan kamasho mai bakin zuma ya rantse mana da Allah motarsa ba ta tsayawa sai Agadas, kujera mai laushi, har da rediyo. Da muka biya sai ya zagaya da mu bayan tasha ya nuna mana babbar mota shaƙe da buhunan albasa, ya ce mu hau sama. Na ce, "Ina kujerar?" Ya ce, "Malam, albasa ba ta da laushi ne?" Kafin in buɗe baki ya ɓace cikin mutane. Haka muka hau, mu wajen goma sha biyu, rana na dukanmu ta sama, warin ruɓaɓɓiyar albasa na dukanmu ta ƙasa. Da muka isa Damagaram direba ya kashe mota ya ce iyakarsa ke nan, shi bai san da wata magana ta Agadas ba. Tir da hali irin wannan! Kwana biyu muka yi a tasha muna neman wata motar.

Gaba da Tanut, a wani shinge, wani mai kaki ya hango buhun a cinyata. Ya tambayi mene ne, na ce gero. Ya yi dariya, wai wa ke ɗaukar gero tiya biyu ya ratsa ƙasa da shi in ba akwai wani abu a ciki ba. Na ce amana ce. Bai ko saurare ni ba, ya ɗauko wani tsinin ƙarfe ya soka wa buhun a ciki. Gero ya tsiyayo cikin yashi. Ni da gemuna na durƙusa ina tsince ƙwaya ɗaya ɗaya, mutane na kallona daga saman mota, wasu na dariya. Na yage gefen rawanina na toshe ramin.

Ba mu yi nisa ba motar ta mutu a inda babu gari babu rijiya. Kwana uku muka yi a wurin ana jiran a kawo wani ƙarfe daga Damagaram. Guzuri ya ƙare a rana ta biyu. Nan fa idanu suka dawo kan buhuna. Wani dogo mai suna Haruna, da muka taho tare tun Maraɗi muna raba goro, shi ya fara.

Ya ce, "Lawwali, ka kwance abin nan mu jiƙa mu sha ko gumba ce."

Na ce, "Ba nawa ba ne."

Ya ce, "Kai wane irin mutum ne? Amana a jeji? Mai shi yana ganinka?"

Na ce, "Mai shi ko yana nan ba ya gani sosai, shi ya sa ba zan ci ba."

Ya kai hannu, na kai masa gwiwar hannu a ƙirji, sai da aka raba mu. Daga ranar bai ƙara yi mini magana ba. Ni ma cikina kuka yake, kada ka ɗauka waliyyi ne ni. Sau biyu ina sa yatsa a bakin ramin nan ina cirewa. Allah Ya kawo wata Buzuwa da raƙumanta, tsohuwa, ba ta jin Hausa sai kaɗan. Ta dube mu, ta tafi, ta dawo da ƙwarya cike da nonon raƙumi da cuku a ƙulle cikin mayafi. Muka yi mata tayin kuɗi, ta kaɗa hannu kamar mun zage ta. Ban san sunanta ba, amma har gobe tana cikin addu'ata.

Agadas kuma, maigidan da ya aiko a kira mu ashe ba shi da ko gilashin walda na kirki. Tabarau ya saya mana irin na 'yan gayu, na bakin kasuwa, ya ce duk ɗaya ne. Ɗaki guda ya zuba mu, mu shida, abinci kullum shinkafa da wani jan mai da ban san asalinsa ba. Na yi kewar tuwon dawa da miyar kukar Hadiza matata har sai da na riƙa jin ƙamshinsa a hanci ina cikin aiki. Ticha kuwa na tambaya nan, na tambaya can, ba wanda ya san shi da wannan suna. Gaskiya kuma na yi sanyi da neman. Aiki ya danne ni, buhun Baba Idi ya koma matashin kaina har wata ɗaya da rabi.

Sai wutar walda ta ci mini ido. Wanda bai taɓa yi ba ba zai gane ba: ji kake kamar an zuba maka yashi da barkono an rufe. Kwana uku ban ga tafin hannuna ba. Maigida ko leƙowa bai yi ba. Wani mai shayi a bakin layinmu, Sidi, shi ya riƙa jiƙa ganyen shayi mai sanyi yana ɗora mini, yana kama hannuna yana kai ni bayan gida. A cikin duhun nan ne kunya ta kama ni. Na ce kai Lawwali, kwana uku kawai ka yi kana ta raki, ga tsoho can duhun da ba ya wayewa yana matso shi, kai kuma ka tada kai da saƙonsa kana barci. Ranar da idona ya buɗe ban je aiki ba. Sidi ya haɗa ni da wani direban Turawa mai shan shayi a wurinsa, ina kwatanta Ticha ya ce, "Au, mutumin Najeriyan nan mai Turancin littafi? Ai kowa ya san gidanshi."

Gida ne na gani na faɗa, ƙofar kaɗai na san aikin sati biyu ce. Maigadi ya ajiye ni a rana tun hantsi har azahar, sannan wata farar mota ta shigo. Ticha ya fito. Ya yi ƙiba, wuya ya cika, ga agogo, ga furfura 'yar kaɗan a gemu. Na durƙusa na gaishe shi kamar yadda muka saba. Ya dube ni ya dube ni, sannan ya kira sunana da Turanci-Turanci, ya ce ai ya tuna ni, ni ne mai zama a baya ina barci. Bai ce in shiga ba. A baranda muka tsaya, shi a kujera, ni a ƙasa.

Na isar da saƙo kamar yadda aka ba ni, ban rage ko kalma ba. Na ce, "Ticha, Baba ya ce ba ya son komai naka. Idonsa ne ke tafiya. Ka je ya ga fuskarka."

Ya cire tabarau ya goge. Ya ce abin ba daɗi, tsufa ke nan. Ya ce aiki ya yi masa yawa, Turawan nan ba sa iya ko shan ruwa sai da shi, amma zai duba, wataƙila baɗi.

Na ce, "Ticha, idon ba zai kai baɗi ba." Na ciro wayata. "Ga lambar Malam Audu maƙwabcinsa. Yanzu in na kira zai kai masa, ko muryarka ya ji."

Ya dubi agogo ya ce yana da taro. Na miƙa masa buhun da hannu biyu, na ce geron Farfaru ne, na gaya masa irin hanyar da ya biyo. Da yatsa biyu ya kama kunnen buhun, ya nisanta shi da rigarsa, ya miƙa wa maigadi. Ya ce in zan koma gida in biyo, zai ba ni saƙo. Ko ruwa ba a ba ni ba a gidan nan. Na fito ina ba shi uzuri a raina, na ce wataƙila nauyin abin ne ya daskarar da shi, malaminmu ne fa.

Wata biyar na ƙara a Agadas. Da hadari ya fara haɗowa ta kudu, hankalina ya koma gona, na ɗaure kayana na biya gidan Ticha. Ina jiransa a bakin ƙofa sai idona ya faɗa kan wani tsumma a gefen turken raguna, ya yi baƙi da man mota. Na gane shi da guntun rawanina da ke toshe a cikinsa. Na tambayi maigadi, wani dattijo mai kirki, ina geron? Ya sunkuyar da kai. Ya ce tun a ranar maigida ya ce a zuba wa raguna, buhun kuma da shi ake goge mota. Ya rage murya ya ce, "Ɗana, kada ka ce ni na gaya maka. Surukanshi sun ɗauka ubanshi babban dillalin hatsi ne a Katsina, mai motoci. In ya kai matarshi ta ga mai ɗinkin buhu, ya zai yi?"

Na juya na dubi ragunan nan. Geron da na hana cikina a jeji, na doki mutum saboda shi, na tsince shi cikin yashi, ashe rago nake yi wa dako.

Ticha ya fito yana sauri, makullin mota a hannu. Na ce na zo sallama, ina saƙon? Ya dafa kafaɗata, ya gyara murya irin ta aji, ya ce, "Remember me to the old man."

Na tsaya ina jiran saura. Sai ya yi murmushi, ya ce ai ya san ban gane ba, dama can ban mai da hankali a aji ba. Nan ya tsaya, mutumin da ba shi da lokacin kiran ubansa, ya ba ni darasi. Wai wannan tsohuwar hanya ce ta aika gaisuwa a Turanci, ta mutanen da, masu rubuta wasiƙa da alƙalami da tawada. Wai in mutum zai je inda wani naka yake sai ka ce masa haka, ma'ana ya ambace ka a wurinsa, ya tuna masa da kai, ya ce kana gaisuwa. Wai yaran yanzu ba su san ta ba, sai dai su ce a ce masa "hai", amma masu ilimi na asali har yanzu da ita suke amfani, don ta fi nuna ladabi. Ladabi! Ya maimaita mini ita sau biyu, a hankali, don in riƙe.

Na ce, "Shi ke nan saƙon, Ticha?"

Ya ce, "Shi ke nan. Ka faɗa masa daidai."

Ban durƙusa ba da zan tafi. Na bari ya fita da mota, na ɗauki tsumman nan na sa a jaka.

A nan na yi wautata. Na ce ba zan iya tsayawa gaban tsohon nan da iska a hannu ba. Mu a wurinmu ko kwano aka aiko maka da abinci ba ka mayar da shi wayam. Na wanke buhun da omo har sau uku, na shanya, na je kasuwa na cika shi da dabino mai kyau. Na ari basilla wajen wani mai sayar da gishiri na ɗinke bakin da kaina. Na duba, na ga ya yi. Na ce in ya tambaya, Sabi'u ne ya aiko, yana nan tafe bayan damina. Ƙarya ce, na sani, amma na ce Allah Ya ga niyyata.

Ranar da na sauka a bakin iyaka an yi ruwan farko, ƙasa na ƙamshi, 'yan acaɓa na ta rububin fasinja cikin taɓo. Ban wuce gida ba. Tun daga nesa na hango shi gindin bedi, buhu a cinya, basilla na shiga tana fita. Na ji daɗi, na ce ashe da sauran gani. Sai da na matso na ga fuskarsa sama take kallo, hannun ne kaɗai ke aiki.

Na yi sallama. Ya tsaya cak. Ya ce, "Lawwali? Kai kaɗai nike jin tahiyarka."

Na ce, "Ni kaɗai ne, Baba. Amma ga saƙo." Na ɗora masa buhun a cinya, na zuba ƙaryata kamar yadda na shirya ta tun daga Tanut.

Ya ajiye basilla. Ya shafa buhun, ya gane nasa ne, ya tsaya kan ramin da aka soka. Sannan yatsunsa suka hau bakin ɗinkin. Suka bi shi a hankali daga wannan kunne zuwa wancan, suka dawo. Ya taɓa ƙullin. Ni kuwa sai a lokacin maganar da ya yi mini ranar tafiya ta faɗo mini.

Ya ce, "Wanga ɗinki daga dama aka faro shi. Kuma ɗinkin mai walda ne, kamar ana yi ma buhu faɗa."

Na ce, "Baba, ai wataƙila ya sa wani ne..."

Ya ce, "Lawwali. Ban gani, amma ban mutu ba. Mi ya ce da bakinshi?"

Na zauna a ƙasa cikin laimar nan. Ban gaya masa zancen raguna ba, wannan har kabarina. Amma gaisuwa amana ce, ko ta ɗan banza ce sai ka isar. Na faɗa masa kalmomin da Turancin, yadda aka maimaita mini. Ya ce me ke nan? Na ce wai haka ake aika gaisuwa a zamanin da, wai in ambace shi a wurinka, in tuna maka da shi.

Ya ce, "A tuna mani da shi." Ya ɗan yi wata dariya da ba ta kai ciki ba. "Yaushe na manta?"

Motoci na ta wucewa, wani ɗan dako ya zo da yagaggen buhu ya ga yanayinmu ya juya. Can tsohon ya ce in matso. Ya ce, "To kai ka gan shi. Ya yi jiki?" Na ce ya yi. "Huskar tana nan irin ta uwarshi?" Na ce tana nan, sai dai ta cika. "Gemu fa?" Na ce ya fara furfura, nan gefen hagu. Ya kai hannu ya taɓa nasa gemun a daidai wurin, ya daɗe a haka. Ni kuwa ina ta zagin Ticha a zuci da duk zagin da na iya, da Hausa, wadda ba ta buƙatar darasi.

Ya sa basilla ya farke ɗinkina, ya ɗauki dabino ɗaya ya sa a baki. Ya ce, "Wanga naka ne, na ci. Allah Shi yi maka albarka, Shi ba ka masu yi maka."

Na ce amin. Na miƙe zan tafi, don ban son ya ji muryata ta canza. Na ɗauka ya bar zancen gaisuwar ke nan, kuma wallahi da ya bar ta da na fi jin daɗi, don ba ta cancanci amsa ba. Na yi taku biyu sai na ji ya gyara zama. Na waiga. Ya juya fuskarsa arewa, wajen hanyar Maraɗi inda motoci ke shigowa, ya buɗe idanun nan da ba sa ganin komai.

Ya ce, "Ina amsawa."